Ɗan Sintiri Ba Ya Zuwa Maƙabarta

Ranar da muka binne Baba, uban mijina, layinmu na Muchia ya kasa ɗaukar mutane. Matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da waƙa, maƙwabtanmu Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, abokan aikinsa na jirgin ƙasa kuwa sun jeru a benci da hulunansu a gwiwa. Wata 'yar Ibo mai sayar da garin kwaki a kasuwar Sabon Gari ta shigo da kuka tun daga zaure, tana ta maimaitawa da Hausarta, "Wa zai raba mu faɗa yanzu? Wa zai raba mu?" Mama, surukata, ita ce ma ta koma lallashinta.

Da muka dawo daga maƙabarta ina rabon abinci, sai wata gwaggon mijina da ta zo daga Kaduna ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni kam ina yaran nan nasa na sintiri da ake ta ba mu labari? Ko ɗaya ban gani a bakin kabari ba. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a kansu, a ce ko ƙasa ba su zo sun zuba masa ba?" Ta juyo ta dube ni. "Har da ƙanenki fa, Malama."

Kular shinkafa ce a hannuna, kuma Allah ya sani na so in dire ta in ba ta amsa. Surukuta ce ta ɗaure mini baki. Na ce, "Haka ne, Gwaggo, ba su zo ba," na wuce. Amma maganar ta tsaya mini a rai tun daga ranar, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ita ce amsar da ban ba ta ba, kuma ina so jikokin Baba su san wane ne kakansu kafin masu ba da labarin rabi da rabi su riga ni.

Baba gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga murya kamar yana kiran wani daga tsallaken titi ko da kana kusa da shi. Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ofishinsa shi ne bencin ƙofar gida: rediyo a gefe, gyaɗa a aljihu, usur a wuya. Usur ɗin nan ko coci za shi yana ƙarƙashin riga. Ba ka wucewa ta gabansa bai san daga ina kake, ina za ka ba. Ni da nake koyarwa a wata firamare a Samaru, kullum na sauko daga mota da yamma sai ya tare ni da, "Malama, yau 'ya'yan wa kika zane?" In ce, "Baba, ai ku kuka hana duka." Ya ce, "A unguwata na hana. Samaru ba ta hannuna." Yana da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. Idan ya ce a'a, ko Fasto ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma.

Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu tun kafin a kawo ni gidan. Ba gwamnati ta naɗa shi ba. Sace-sace ne suka ishi mutane, suka taru suka ce ya riƙe. Ya karɓa da sharaɗin ba za a doki kowa ba. Yakan ce, "To mun doke shi, sai me? Gobe ya dawo mana da tabo da haushi." Abin da yake yi wa ɓarawo ya fi duka zafi, kuma na gani da idona, domin a kan ƙanena aka yi.

Ƙanena ya zo daga ƙauyenmu koyon walda a Chikaji, Baba ya ba shi ɗaki a gidan. Saurayi ne cikakke lokacin, ba yaro ba, ya san daidai ya san ba daidai ba. Ya haɗu da abokan banza, ya je ya kwance batirin a-kori-kurar Alhaji, mai sayar da katako, wanda duk duniya Baba ba shi da amini kamarsa. A kasuwa aka kama shi yana neman mai saye. Da hantsi sai ga taro a ƙofar gidanmu, an yaga masa riga, wani har yana tambayar inda za a samo taya a ƙona shi. Na fito zani a hannu. Ƙanena, a gidan surukaina! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya hura usur sau ɗaya, wurin ya yi tsit. Ya ce, "Ku kawo shi nan." Ya zaunar da shi a gefen ƙafarsa, ya dubi taron. "Wanda ya gaji da hannunsa, ya taɓa shi." Sannan ya sa aka ɗora wa ƙanena batirin a ka, ba gammo, ya tasa shi a gaba. Suka bi layi-layi da rana tsaka, mata suna leƙowa, har shagon Alhaji. Ina biye a baya ina kuka. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya dai nuna motar ya ce, "Mayar da shi yadda ka same shi." Ƙanena ya ɗaura, aka tayar da mota, ta tashi.

Na ɗauka an gama, sai korar gida. Sai na ji Baba yana cewa, "Daga yau kai ɗan sintiri ne, kuma layin Alhaji shi ne naka. Ka san ta inda ka shiga, to je ka toshe. Ko ƙusa ta ɓace a nan, kai zan tambaya."

Alhaji ya ce, "Kai dai ba ka da lafiya. Kura za ka ba ajiyar nama?"

Baba ya ce, "Ba kura ba ne, ɗana ne. Ka sa ido ka gani."

Haka yake yi. Cikin 'yan sintirinsa akwai magidanta masu mutunci, akwai kuma irin ƙanena, waɗanda aka kama, suka mayar da kaya da rana, suka shiga aiki. Ba duka suka shiryu ba. Akwai wanda ya koma ruwa, Baba da kansa ya kai shi wurin 'yan sanda, ya dawo ya ƙi cin abinci ranar. Amma ƙanena ya tsaya. Ya gama koyon walda, ya buɗe ɗan shagonsa, ya yi aure, bai taɓa fashin sintiri ba.

Akwai wata doka ta Baba da baƙo ba zai sani ba. Shekarun baya wata maƙwabciya ta tafi binne mijinta, duk layin ya bi ta. Ta dawo ta tarar an fasa ƙofa, an kwashe har tukwanen da aka ara don dafa wa 'yan gaisuwa. Baba ya ce bai taɓa ganin abin da ya ƙona masa rai kamar matar nan tsaye da baƙin kaya tana kallon ɗaki wayam ba. Daga ranar ya yanke: ranar jana'iza, ɗan sintiri ba ya zuwa maƙabarta. Kowa ya tafi, su su tsaya. Masu fita sukan kulle ɗakunansu su miƙa wa Baba makullai, ya zura su a wata waya ya rataya a kafaɗa, sai sun dawo kowa ya karɓi nasa. Ko da mahaifiyar Alhaji ta rasu, Baba a bakin layi ya tsaya. Da ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu ma haka, ina kallonsa hawaye na zuba a kan makullan mutane, bai motsa ba.

Wajen lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, sai gwamnati ta fito da shirin tallafa wa 'yan sintirin unguwanni. Aka kawo riguna, takalma, tocila, da babur sabo fil, ga ɗan alawus duk wata. Kai, ranar an yi murna! Ƙanena ya sa rigar nan ya zo har ɗakina yana juyi, ya ce, "Yaya, dube ni." Na dube shi, na tuna batiri a kansa, na juya kai don kada ya ga idona. A wurin wasu yadi ce kawai. A wurinsa shaida ce cewa ya koma mutum.

Amma tallafin ya zo da ƙa'ida biyu. Duk wanda aka taɓa kamawa da sata ba zai shiga ba, sannan za a turo mai dubawa ya ga yadda ake aiki. Ta biyun ba ta dami Baba ba ko kaɗan, shi ma ya fi kowa son ta. Ya ga wata unguwa inda aka ba samari riguna, ba mai duba su, suka koma tare mata 'yan kasuwa da dukan 'yan acaɓa. Yakan ce, "Ni ma a zo a duba ni. Usur yana kumbura kan mutum, na san abin da nake ji in na hura kowa ya yi shiru." Ta farkon ce ta raba gidanmu biyu.

Da aka sanar da ranar zuwan mai dubawa, dattawan layi suka kawo dabara, Alhaji ne kan gaba. A karɓi rigunan irin su ƙanena na yini ɗaya, a sa wa samarin mawaƙan coci da na Islamiyya, masu fuskar kirki, su jeru. Baƙo ya gani ya tafi, washegari kowa ya koma wurinsa. Ba wanda ya ɗauki abin a matsayin ƙarya. Mama ma ta goyi baya. Ina wanke-wanke na ji ta tana ce masa, "Baban yara, in baƙo zai zo, ba faranti mai kyau nake fitarwa ba? Na taɓa zuba masa a kwanon da ya lotse? Rufin asiri ne. In ka faɗa, ka san ko sunayensu za su kai wurin 'yan sanda?"

Baba ya ce, "Wannan ba baƙon cin abinci ba ne. An turo shi ya ga kwanon da muke ci da shi kullum."

Da Alhaji kuwa faɗa suka yi sosai, a bencin ƙofar gida, har yara suka taru.

"Babur fa za su karɓe! Alawus ɗin magidantan nan fa? Da gaskiyarka za su ciyar da iyali?"

"Shekara nawa ina ce wa yaran nan abin da aka yi a ɓoye a mayar da shi da rana? In na ɓoye su yau, na koya musu cewa mai dubawa abin yaudara ne. Gobe ni za su yaudara."

"Taurin kanka zai kashe ka."

"To ka zo jana'iza."

Alhaji ya kaɗe riga ya tafi, ya daina zuwa benci. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Ba babur ne a raina ba. Ƙanena nake ji, kada a tuɓe masa rigar nan a gaban jama'a, ya koma ɓarawon batiri bayan duk shekarun nan, ga mata ga ɗa. Baba ya kira shi ya ce, "Ɗana, ba zan tilasta maka ba. In ka ga ba za ka iya ba, ka tafi shagonka wurin aiki ranar, ba zan ƙi ka ba. Amma in ka tsaya a layi aka tambaye ni, zan faɗa." Ƙanena ya ce, "Zan tsaya, Baba."

Mai dubawar mace ce, dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Da safe aka jeru a filin ƙofar gidan mai unguwa. Ta duba babur, ta ƙirga tocila, ta tambayi yadda ake yi da wanda aka kama. Sannan ta ce, "Baba, cikin waɗannan akwai wanda aka taɓa kamawa da sata?"

"Akwai, ranki ya daɗe. Ku fito."

Ƙanena ne ya fara takowa, sauran suka biyo. Na ji wata mata a bayana ta ce, "Wayyo, ya kashe mu."

Matar ta cire tabarau. "Baba, kun san abin da kuka jawo wa kanku?"

"Na sani. An turo ki ki duba, to ga shi, ki duba da gaske. Waɗannan su ne ƙarfin aikina."

Ta tambayi ƙanena me ya sata, ya faɗa mata, bai rage komai ba. Sai ga Alhaji ya miƙe daga cikin dattawa, fuska a murtuke, bai ko kalli inda Baba yake ba. Ya ce, "Hajiya, ni aka yi wa satar. Ban yarda da abin da wannan mai taurin kan ya yi yau ba, kuma ba zan yarda ba. Amma tun da aka ba yaron nan layina, ko ƙusa ba ta ɓace mini ba. In zan yi tafiya, shi nake bar wa shago. Ki haɗa da wannan in za ki faɗa."

Ta ce ba kama kowa ta zo yi ba, amma ba ita ta kafa ƙa'ida ba, ba ta kuma da ikon share ta. Za ta kai abin da ta gani. Kafin nan, waɗanda suka fito su ajiye riguna. Ƙanena ya tuɓe tasa a wurin, ya ninke ta a hankali, ya ajiye a gaban Baba, ya tsaya da singileti. Ban taɓa jin haushin Baba kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Aka zo aka ɗauki babur, aka tsayar da alawus. Wasu magidanta suka yi fushi suka bar sintiri, ba kuma zan ga laifinsu ba. Matansu suka daina amsa gaisuwata a bakin famfo. Ƙanena ya ci gaba da fita da kayan gida, yana jin habaici yana haɗiyewa. Baba kuwa ya sa rigar a ƙasan akwatinsa, ya mai da sakatariyar ƙaramar hukuma gonarsa. Damina guda yana hawa acaɓa yana zuwa, har masinjoji suka gane tarinsa tun daga baranda. Abu ɗaya yake roƙo: a sake turo matar, kuma kada a sanar da kowa ranar.

Ta dawo kuwa, ba sanarwa. Ba ta nemi Baba ba. Gida-gida ta bi, tana zama da mata a tsakar gida, tana tambayar wa suke kira in sun ji motsi, wa ya taɓa karɓar musu wani abu, wa ya taɓa dukan ɗansu. Bayan wani lokaci amsa ta zo: irin su ƙanena za su iya zama, in wanda suka yi wa satar ya tsaya musu, kuma za a riƙa zuwa dubawa a kai a kai. Alawus ya dawo. Babur kam ya tafi ke nan, an ce an ba mutanen unguwar Zabi. Alhaji ya koma benci, amma har Baba ya kwanta ciwo, duk babur ɗin da ya wuce sai ya ce, "Ga irin namu can, wanda gaskiyarka ta cinye." Baba ya ce, "Ƙafa ta fi jin motsin ɓarawo." Da hannunsa ya fito da rigar daga akwati ya mayar wa ƙanena, tana ta ƙanshin kafur.

Ciwon bai daɗe ba. Ya huta da rana, Mama na riƙe da hannunsa.

Da safen jana'iza ƙanena ya same ni a bayan ɗaki, idonsa ja wur. Ya ce, "Yaya, ina so in ɗauki akwatinsa. Ko kusurwa ɗaya ce." Na ce, "Je ka, wa zai hana ka? Yau ai babu mai hura maka usur." Sai ya tafi, ya dawo sanye da rigar, ya tara mutanensa ya raba musu layuka.

A a-kori-kurar Alhaji aka sa akwatin, shi ya rantse ba wata mota da za ta ɗauki amininsa. Da muka fito, mutane suka tsaya cirko-cirko da makullai a hannu, don wanda aka saba miƙa wa yana kwance a bayan mota. Mama ce ta ratsa su. Ta je gaban ƙanena, ta cire usur ɗin Baba daga jakarta ta rataya masa, ta kama hannunsa ta sa makullin ɗakinta a ciki. Ta ce, "Ɗana, ka riƙe mana gida." Alhaji ya miƙa na shagonsa. Sai layi gaba ɗaya ya biyo, har matan da suka daina gaishe ni a bakin famfo.

Motar ta wuce ta gabansa a hankali. Yana tsaye a bakin layi cikin rana, wayar makullai a kafaɗa, hawaye na sauka a kan rigar, bai ɗaga ƙafa ba. Gwaggo tana cikin motar baya, ta yiwu ba ta duba ta taga ba.

Ubangiji ya ba Baba hutu, ya ba Mama haƙuri, ya sa masu riƙe da usur bayansa su so a duba su yadda ya so.

Da yamma, bayan kowa ya karɓi makullinsa ya buɗe ɗaki ya tarar da kayansa yadda ya bar su, ƙanena ya zo inda nake wanke kuloli. Ya tsuguna, murya can ƙasa ya ce, "Yaya, an sa shi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau aka sa shi. Nan fa?"

Ya ce, "Ko cokali bai ɓace ba."